Yadda Ake Shirya Wa Yaro Bikin Zagayowar Ranar Haihuwa a Gida

Kafin a sayi ko da balan-balan ɗaya, uwargida, ki zauna da maigida ku yi magana ɗaya a kan ko za a yi, da kuma irin wanda za a yi. Malamai sun yi saɓani a kan bikin ranar haihuwa. Akwai gidajen da ba sa yi sam, akwai masu mayar da shi sadaka da addu'a, akwai kuma masu tara yara a ci kek a yi wasa. In kin gayyaci yaran maƙwabta aka ce ba za su zo ba saboda wannan dalili, kada ki matsa, kada kuma ki riƙe abin a rai. Ki aika musu da rabonsu na abinci kamar yadda aka saba tsakanin maƙwabta.

In an amince za a yi, to abin da zai sa taron ya yi kyau guda biyu ne: ki san yara nawa za ki ciyar, ki kuma san awa nawa za su yi a gidanki. Duk sauran shirin a kan waɗannan yake hawa.

Rana da lokaci

Ba dole ba ne a yi a ainihin ranar da aka haifi yaron. Ki duba ranar da yaran unguwa ba su da makarantar yamma. A mafi yawan garuruwan Arewa Islamiyya na hutun Alhamis da Juma'a, ita kuwa Asabar da Lahadi da ake ganin kamar ranakun hutu ne, yara da yawa suna hadda ko Islamiyya. Shi ya sa yammacin Juma'a ya fi dacewa a gidaje da dama. Ki tambayi iyaye biyu ko uku kafin ki tsayar. In ranar ta faɗo cikin azumi, a ɗaga zuwa bayan Sallah, domin girki ga yara talatin da bakin azumi wahala ce ba ta kowa ba.

Lokacin da ya fi shi ne tsakanin La'asar da Magariba, wato daga wajen ƙarfe 4 zuwa 6. Rana ta yi sanyi, akwai hasken ɗaukar hoto, kuma kiran salla da kansa yake sallamar baƙi ba tare da kin kori kowa ba. Sai dai ki lura, a Kano cikin Nuwamba da Disamba ana kiran Magariba da ƙarfe 6 da 'yan mintuna, a Yuni da Yuli kuwa sai wajen 7 saura. A lokacin sanyi ke nan ki fara da wuri.

Kowane yanayi da matsalarsa. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne mai narkar da adon kek, ya fasa balan-balan, ya lalata abinci. Daga Yuli zuwa Satumba hadari kan taso da yamma, saboda haka ki tanadi falo ko zaure da za a koma in ruwa ya sauko. A hunturu ƙura ce, duk abin ci sai an rufe shi, yara da yawa kuma suna fama da mura.

Ƙirga kawuna

Ki rubuta sunayen yaran da za a gayyata a takarda: 'yan gida, 'ya'yan dangi, na maƙwabta, da abokan yaron biyar ko shida na makaranta. In ya kai shekara 5, ki tambaye shi wa yake so ya zo, za ki sha mamakin sunan da zai fara kira. Idan lissafi ya ba ki 20, ki yi shirin 30. Duk yaron da aka gayyata zai riƙo hannun ƙaninsa, kuma da an ji sautin sifika 'yan gayyar soɗi za su cika ƙofar gida. Waɗannan ba a korarsu hannu wofi. Ki ware musu kula guda ta shinkafa da ledojin cincin, ki ɗora wani babba a ƙofa ya raba musu a can, ba sai sun shigo tsakar gida ba.

Gayyata ta WhatsApp ta wadatar, mako guda kafin ranar, amma ki aika wa iyaye kai tsaye, kada ki ba yaro saƙon baka. Ki rubuta lokacin farawa da lokacin tashi. Ki ƙara layi ɗaya: in akwai abin da yaro ba ya ci, kamar gyaɗa ko ƙwai ko madara, ko yana da asma ko sikila, a sanar da ke. Mai sikila yana bukatar ruwa a kai a kai da inuwa, kuma ba a sa shi gasar gudu.

Duk lissafin da ke ƙasa na yara 30 ne da manya 15.

Shekarun yaro su ke zaɓar irin bikin

Ɗan shekara 1 bai san me ake yi ba. Hayaniya da kwalliya mai ƙaiƙayi da hannun mutane ashirin kuka kawai za su sa shi. A yi masa taron awa guda na 'yan gida, bayan ya yi barcin rana ya ƙoshi, a ɗauki hoto a tashi. Daga 2 zuwa 4 yara ba su iya wasan gasa ba, wanda aka fitar kuka zai yi, don haka a ba su kumfar hurawa da ƙwallaye da fensir mai launi, kuma kowane ya zo da mai kula da shi. Daga 5 zuwa 8 su ne 'yan biki na gaskiya, duk wasannin da za a ambata nan gaba nasu ne. Daga 9 zuwa 12 kuwa sun fara jin kunyar hular takarda. Namiji zai fi son a haɗa masa wasan ƙwallo da abokansa a ci abinci bayan an tashi, mace kuma ƙawaye takwas, lalle, da gasar yi wa kek ado.

Ba kowane biki ne sai an tara jama'a a gida ba. Ana iya ɗaukar yara goma zuwa Gidan Zoo na Audu Bako a Kano ko wani wurin wasan yara, da babba ɗaya ga kowane yara huɗu. Ana iya kai ƙullin kyauta ajin yaron, amma ki tambayi makaranta tukuna, wasu ba su yarda ba, kuma ki karɓi adadin 'yan ajin daga bakin malama. Masu son kai abinci gidan marayu su kira kafin ranar su ji me aka fi bukata, sau da yawa ɗanyen abinci da sabulu sun fi kek amfani a can.

Kuɗi da cefane

Ki yanke adadin da za a kashe tun farko, ki raba shi: rabi na abinci da abin sha, kashi ɗaya cikin biyar na ƙullin kyauta, kamar haka kuma na kek da ado, sauran ki ɓoye don abin da zai taso a ranar, kamar ƙanƙara ko man janareta ko gas da ya ƙare ana tsakiyar girki. Ado shi ne inda kuɗi ke zurarewa ba tare da yara sun lura ba. Bango ɗaya da za a tsaya hoto aka gyara, ya isa.

Biskit, alawa, lemon kwali da robobin zuba abinci a saye su katan-katan a wurin 'yan sari, mako guda kafin biki. A Kano, Kasuwar Singa ce ta kayan masarufi, Yankaba ta kayan miya, 'Yan Lemo ta kayan marmari. Duk katan ɗin da za ki saya ki duba ranar lalacewarsa, domin kayan da aka karya wa farashi sosai sau da yawa sun kusa ƙarewa ne. Kayan miya da kankana sai ana gobe.

Cincin: kwana uku kafin biki

Da shi ake farawa don ba ya lalacewa. Fulawa kilo 1, sukari giram 200, bota giram 150, ƙwai 3, madarar ruwa gwangwani 1, bekin hoda ƙaramin cokali 1, gishiri kaɗan da gyaɗar ƙamshi. Ki murje bota cikin fulawa har ta yi kamar gari, ki zuba sauran, ki kwaɓa da tauri. Ki rufe minti 15, ki murza, ki yanka ƙanana. Mai ya yi zafi matsakaici: in ya yi sanyi cincin zai sha mai, in ya yi zafi da yawa zai yi baƙi a waje cikinsa ɗanye. In man ya fara kumfa yana tasowa, ko dai kin cika kaskon ne ko garin fulawa ya taru a ciki, sai ki rage yawan da kike zubawa ki kakkaɓe garin. Ki bari ya huce sarai kafin ki ƙulla, in ba haka ba gumi zai sa ya yi laushi. Wannan kwaɓin zai ba ki ƙananan ƙulli 30.

Kek: ana gobe

Yanka babban kek guda ga yara talatin masu miƙo hannu rigima ce. Dabarar ita ce ki yi ƙaramin kek ɗaya na hoto da kyandir, sannan ƙanana na gwangwani ɗaya-ɗaya ga kowa.

Kwaɓi ɗaya: bota giram 500, sukari giram 400, ƙwai 10, fulawa giram 500, bekin hoda babban cokali 1, filebo ƙaramin cokali 2. Wannan zai ba ki ƙananan kek kamar 35. Na hoto kuma ki yi rabin wannan kwaɓin a gwangwani mai faɗin inci 8.

Ki fitar da bota da ƙwai daga firij awa guda kafin ki fara. Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi, da na'ura minti 6 zuwa 8, da muciya kuwa sai kin yi minti 20 ko fiye. A nan iskar da za ta ɗaga kek take shiga, wanda ya gajarta wannan mataki kek ɗinsa zai yi nauyi kamar dutse. Ki riƙa fasa ƙwai a kofi daban kafin ki zuba, ɗaya bayan ɗaya, domin baragurbi guda ya isa ya ɓata kwaɓin gaba ɗaya. In kin ga kwaɓin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, ƙwan ne ya yi sanyi ko kin zuba da sauri, ki sa cokali biyu na fulawa ki ci gaba, zai haɗe. Ki tankaɗe fulawa da bekin hoda tare, ki zuba kashi uku, kina juyawa a hankali da cokali. Da fulawa ta ɓace ki tsaya. Yawan bugu bayan an sa fulawa shi ke sa kek danƙo.

Ki shafa bota a gwangwani, ki barbaɗa fulawa, kada ki cika ya wuce kashi biyu cikin uku. Ƙanana suna gasuwa a zafin digiri 175 cikin minti 20 zuwa 22, babban kuma a 160 cikin minti 45 zuwa awa guda. Ki soka tsinken tsire a tsakiya, in ya fito a bushe ya yi.

Wadda ba ta da obin ta samu babbar tukunya mai kauri, ta zuba yashi mai tsabta ko gishiri kaurin yatsu biyu, ta rufe ta ɗora a wuta minti 15 ya ɗau zafi. Sai ta sa murfin tukunya ko duwatsu uku a kan yashin, ta ɗora gwangwanin a kai don kada gindinsa ya ƙone, ta rage wuta sosai. Kada a buɗe cikin rabin awar farko. Kek da ya faɗa ta tsakiya, ɗaya daga uku ne: an buɗe da wuri, bekin hoda ya yi yawa, ko an sauke bai nuna ba.

Adon sama: bota giram 250, sukarin aisin giram 500, madara cokali 2, a buga har ya yi laushi. Sai kek ya huce gaba ɗaya ake shafawa. Ki sani bota na narkewa a zafin da bai kai na jikin mutum ba, Kano kuwa a Afrilu tana kai digiri 40. A bazara ke nan kek ya zauna a firij ko ɗaki mai sanyi har minti goma kafin a yanka. In babu tabbacin wuta, ki haƙura da kirim, ki barbaɗa sukarin aisin ta rariya ki jera yankan lemo ko ƙananan alewa masu launi. In kuma oda za ki bayar, ki bayar da kwana biyar, ki rubuta sunan yaron da hannunki, ki karɓo da safe, a ɗora shi a ƙasan mota inda yake a daidai, ba a kan cinya ko kujera ba.

Abin sha

Zoɓo ya fi lemon kwalba araha kuma yara na sonsa. Don lita 12, ki wanke busasshen zoɓo kamar giram 350 sau biyu saboda ƙasa, ki tafasa da ɓawon abarba guda da aka wanke, kanumfari kaɗan da citta 'yar kaɗan. Na yara ne, ba a sa masoro ko citta mai yaji. Minti 20 zuwa 25 ya isa, ki tace da rariyar laushi, ki sa sukari tun da ɗumi, ki ɗanɗana. Ki yi shi da dare, ki ɗura a ƙananan gorori masu murfi waɗanda kika wanke da ruwan zafi, ki sa a firiza. Gora ta fi kofi, don kofi sai ya kife a kan farar riga, kuma jan zoɓo ba ya fita da sauƙi.

Kunun aya daɗi gare shi amma ba ya haƙuri. In ya bar sanyi awanni kaɗan sai ya yi tsami ya yi yauƙi, ya ɓata wa yara ciki. In za ki yi, ki yi shi da hantsin ranar, ya zauna cikin ƙanƙara har a sha. Ruwan sha kuwa ki ninka abin da kike tsammani, jaka uku ta ruwan leda ba ta yi yawa ba. Ƙanƙarar da aka sayo a waje ta sanyaya gorori ce kawai, kada a fasa ta cikin abin sha, ba ki san da wane ruwa aka yi ta ba.

Shinkafa da kaza: ranar biki

Yaro yana cin ɗanyar shinkafa kamar giram 70, babba 120. Yara 30 da manya 15 ke nan kilo 4 ya ishe su, ki ƙara kilo 1 na 'yan ƙofa da maƙwabta. Da kilo aka yi lissafin saboda mudun Kaduna da kwanon Kano ba ɗaya ba ne.

Ga kilo 5 na dafa-duka: tumatir kilo 2, tattasai 12, albasa manya 6, tumatirin gwangwani giram 400, man gyaɗa kamar kofi 3, dunƙule da gishiri da kori da tayim daidai ɗanɗano. Attaruhu biyu kacal, don ƙamshi. Manya a ajiye musu yaji a gefe. Ki tafasa markaɗen har ruwansa ya ƙone kafin ki soya, shi ke kashe tsami. Ki soya har mai ya taso, ki zuba romon kaza, ki sa wankakkiyar shinkafa, ruwan ya sha kanta da kaɗan kawai. In ya tsotse ki rage wuta, ki rufe bakin tukunyar da takardar foil kafin murfi, turiri ya ƙarasa ta. Yawan juyawa da ƙara ruwa su ke caɓe shinkafar taro. In tukunyarki ba ta da girma, ki dafa sau biyu, ya fi ki cika ta sama ɗanye ƙasa ƙonanne.

Kazar gidan gona guda tana ba da yanka 10 zuwa 12, biyar sun isa. Ki dafa ki soya da safe. Ƙananan yara a ba su tsoka zalla, kifi mai ƙaya kuwa a bar shi sai wata rana. Ki auna lokaci yadda shinkafa za ta sauka wajen ƙarfe 3, ta shiga kula da zafinta. Dafaffen abinci da ya huce ba ya wuce awa biyu a waje, a tsananin zafi ma awa guda. Salak mai mayonis da ƙwai shi ya fi komai saurin lalacewa, yara kuma ture shi suke yi gefe. Kankana da aka yanka aka cire 'ya'yan ta fi shi karɓuwa.

Gyaran wuri

A share tsakar gida, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarmi ko darduma. Yara sun fi sakewa a ƙasa, kujerun haya na iyaye ne. Ki zagaya gidan da idon ɗan shekara biyu: rijiya a rufe da murfi mai nauyi a sa kwaɗo, baho da bokitan ruwa a zubar ko a kulle su a banɗaki, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro. Kicin a rufe, murhu da kaskon mai su yi nesa da wurin wasa. Kalanzir, fiya-fiya da magunguna a ɗaga su sama, musamman in an zuba su a gorar lemo. Ɗakunan kwana a kulle.

Janareta a waje yake zama, nesa da taga da ƙofa kamar mita 6, ba a zaure ko lungun da yara ke ɓuya ba. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, sai dai a ga mutum ya yanke jiki. Wayoyinsa a bi da su ta jikin bango.

Balan-balan 50 sun isa. A hura su da famfo a ranar, kada a cika su tam, iska na buɗewa in ta ji zafi sai su yi ta fashewa. A rataye su a inuwa. Masu tashi sama kuwa ki tambayi mai sayarwa da me ya cika su. Iskar hiliyom ba ta kama wuta, amma wasu na haɗa tasu da soda da gwangwanin alminiyom don araha, wannan kuwa da ta kusanci kyandir sai ta tashi da wuta. In ba ki da tabbaci, ki bar su. Duk wanda ya fashe a tsince guntayensa nan take, yara na tsotsarsu su shaƙe. In za a yi hayar gidan tsalle na iska, a ɗaure shi da ƙasa ta kowace kusurwa, a kafa shi a inuwa, a cire takalma, manya daban ƙanana daban, kuma a sani injinsa na bukatar wuta ba yankewa. In wuta ta ɗauke a fito da yaran nan da nan kafin ya rufta.

Tsarin awa biyun

Mai girki ba ta iya jan ragamar wasa. Ki samu ƙanwa ko ƙanin miji mai murya da son yara ki ba shi wannan aiki, wata ta tsaya kan abinci, wani a ƙofa, wani da waya yana hoto. Hoton 'yan gida a ɗauke shi da ƙarfe 4 saura kwata, kafin kowa ya zo, kafin riga ta ga zoɓo.

Daga 4 zuwa 4:25 yara na shigowa ɗaya-ɗaya, a ba su takarda da fensir mai launi, ko 'yan mata a ɗiga musu lalle a tafin hannu. Jan lalle na gargajiya kawai. Baƙin da ake haɗawa da dayis na gashi yana ƙona fatar wasu yaran ya bar tabo.

Daga 4:25 zuwa 5:10 wasanni. Kowane kada ya wuce minti goma, a canja tun ana cikin jin daɗi. Ki shirya shida ko da huɗu za a yi. Zagayen kujeru: kujeru su gaza yara da ɗaya, ana kiɗa ko tafi suna zagayawa, in an tsaya kowa ya zauna. Matsalarsa, wanda aka fara fitarwa zai yi minti goma yana kumbure-kumbure, don haka duk wanda ya fita a ba shi alawa a mayar da shi cikin masu tafi. Tseren cokali: a sa lemon tsami a cokali maimakon ƙwai, ba asara ba ƙarni. Neman taska: a ɓoye murafun kwalba 40 a tsakar gida tun da rana, a raba yara gida biyu, amma ki rubuta inda aka ɓoye, kada a sa a kusa da kwata ko ramin bango inda kunama ke fakewa. Maza a ba su langa, mata 'yar gala-gala ko carafke ko gaɗa, abin da ake bukata alli ne ko gawayi da 'yan tsakuwoyi. Za ki tarar yaran birni da yawa ba su iya ba, koya musu ma wasa ne.

In sun gaji a zaunar da su a yi kacici-kacici. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Baba na ɗaka gemu na waje, wuta da hayaƙi. Wanda ya kasa ya ba da gari. Sai gasar karin harshe, a ga wa zai faɗi da ƙato da kwaɗo suka tafi ƙoto sau uku bai sarƙe ba. In akwai kaka a gidan, ki roƙe ta tun da wuri ta yi musu tatsuniya guda. Da ta ce ga ta nan ga ta nanku za ki ji tsakar gidan ta yi tsit.

Da 5:10 a yi addu'a a sa wa yaro albarka, babba a gidan ya ja. Sai kek, tun da sauran haske. Yaron ya tsaya a tsakiya, sauran a bayan teburi, babba na riƙe da wuƙa tare da shi. A ja gyale da ƙaramin hijabi baya kafin a kunna kyandir, yadin roba nan da nan yake kamawa. Kek ɗin da aka hura wa iska na 'yan gida ne, baƙi a ba su ƙananan, balle a lokacin mura.

Da 5:25 a jera su a wanke hannu da buta da sabulu, ana zuba wa kowa, ba a kwano ɗaya ba. Su zauna, a kai wa kowa robarsa inda yake. Kiran yara su yi layi a gaban kula shi ke kawo ture-ture da ɓari. 'Yan ƙasa da shekara 4 ba a ba su gyaɗa, gugguru, aya, alawa mai tauri ko inabi da ba a tsaga ba, kuma ba mai ci yana gudu.

In yaro ya shaƙe yana tari, a bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari da magana, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. In bai fito ba, a tsaya ta bayansa, a dunƙule hannu a saman cibiya a fizgo ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa ana neman mota. Jariri ɗan ƙasa da shekara ba a danna masa ciki, a kifa shi a kan hannu a buga baya sau 5, a juyo shi a danna ƙirji da yatsu biyu sau 5. Kada a zura yatsa maƙogwaro ana lalube. Ƙuna kuwa ruwan sanyi ake kwarara mata minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba manja ba.

Ƙullin tafiya da sallama

Kowace jaka iri ɗaya, ba ta ɗan dangi daban ta ɗan maƙwabci daban ba, yara na buɗewa su gwada tun a ƙofa. Cincin, biskit guda, alawa biyu, lemon kwali, sai abu ɗaya mai amfani kamar fensir da abin gogewa ko ƙaramin littafin zane. Usur da bindigar roba masu harsashi a bar su a kasuwa, iyaye ba za su gode miki ba. Ki yi ƙarin jaka biyar ki ɓoye a ɗaki.

Kyaututtukan da aka kawo wa yaron kada a buɗe su a gaban jama'a, akwai wanda bai kawo komai ba, akwai wanda ya kawo kaɗan. Ki rubuta sunan mai shi a jikin kowace, a buɗe da dare, gobe yaron ya yi godiya da bakinsa a waya.

Ba a raba jaka sai a bakin ƙofa, da ƙarfe 6 saura goma, domin duk wanda ya karɓa tafiya zai yi. Mai tsaron ƙofa ya riƙe takardar sunayen nan, duk yaron da ya fita a soke sunansa, a kuma ga hannun wanda ya tafi da shi. Yaran nesa da ba a zo ɗauka ba su koma falo su zauna har a kira iyayensu, na cikin layi kuma wani babba ya raka su gida kafin duhu. Ragowar shinkafa a raba wa maƙwabta da almajirai a daren, wadda za a ajiye a baza ta a faranti ta huce ta shiga firij nan da nan, ragowar kunun aya kuwa in ya fara tsami a zubar.